'Yar Tutar Fakon Gishiri

Abin da na fara gani da na fito daga wajen duba takardu a filin jirgin Baiyun shi ne daɓen ƙasa. Fari ne tas, a shimfiɗe har inda idona ya gaza, yana ƙyalli kamar yanzu ruwa ya janye daga kansa. Ban san lokacin da na ja na tsaya ba. Na miƙa ƙafar dama, na danna shi da babban yatsa ta cikin takalmi, na kasa kunne. Mutanen da ke bayana suka riƙa kauce mini da akwatunansu. Sai na ji wata murya daga wajen masu tarya, muryar da ko a tsakiyar kasuwa zan tsince ta.

"Bebiya! Taka abinki, ba zai burma ba! Wannan na Sinawa ne, ba na Kaka ba!"

Cima ce, 'yar kawuna, taubashiyata. A nan Guangzhou kowa Hajiya yake ce mata, daga 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi har Sinawan da take sarin kayan babur a wurinsu. Ni kuwa Rediyo nake ce mata tun muna yara, ita kuma tana ce mini Bebiya, don a lokacin sai in yini ban ce uffan ba. Ita ta matsa mini na zo a duba mini idona, wanda ya fara rufewa daga gefe-gefe. Na ce mata, "Rediyo, har yanzu batirinki bai mutu ba?" Ta rungume ni tana dariya, tana ƙamshin wani turare da ban san sunansa ba. Mun tsufa mu duka biyu, amma ita tsufan ya karɓe ta. Tana tafe tana amsa waya, tana jefa wa direba Sinanci, ni kuma ina bayanta riƙe da jaka, kamar yadda na saba.

Gidanta yana unguwar Sanyuanli, can sama a bene, inda in ka leƙa ƙasa sai ka ga mutane kamar kiyashi. Garin nan danshi gare shi. Wanki ba ya bushewa, gishirin kicin ma sai ya jiƙe ya dunƙule a cikin roba. Ran da na fara ganin haka na ɗebi kaɗan na murza a yatsa, na ɗanɗana. Gishiri ne dai, amma da ya taɓa harshe ya ƙare. Namu na gida in ka sa a baki sai ɗan ɗaci ya biyo baya, sannan ka ji ƙamshin ƙasar da ya fito. Tun daga ranar, ko ina zaune a shagonta da ke kusa da titin Huanshi Lu ina kallon baburan lantarki suna wucewa shiru ba ƙara, hankalina yana can fako.

Fako muke ce masa kawai, don ba mu da wani. Garinmu yana arewa, inda gonakin gero suke ƙarewa rairayi ya fara. Fakon yana cikin wani kwari mai faɗi, baƙaƙen duwatsu ta gabas, tuddan rairayi ta yamma, garin kuma a bakinsa ta kudu, inda rijiyoyin ruwan daɗi suke. Koramu uku ne suke zubo masa ruwa daga duwatsun da damina, kuma babu ta inda ruwan zai fita. Sai ya kwanta nan iya idon sawu, ya jiƙa ƙasar, ya jawo gishirin da ke ƙarƙashi. In damina ta ɗauke, rana ta shanye ruwan, sai a wayi gari wurin ya yi fari ƙal daga bakin gari har gindin sama. Ba ciyawa, ba itace, ko tsuntsu bai cika ratsa shi ba. Abu ɗaya ne ke tsaye a kansa, wani baƙin dutse can ƙarshen arewa, wanda daga gari kake hangensa kamar ƙuda a ƙwaryar nono. Da hantsi in zafi ya tashi, sai dutsen ya rabu da ƙasa ya riƙa reto a sama. Malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, ya ce kawalwalniya ce, idonmu ne ke ruɗinmu. Na rubuta yadda ya faɗa, na ci jarrabawa da shi, amma a hanyar komawa gida nakan tsaya in ga dutsen ya tashi.

Kaka, wadda ta haifi mahaifiyata da mahaifin Cima, ita ce uwar gishiri, wato shugabar matan da ke aikin fako. Ita ta gaya mana cewa a da can wurin babban tafki ne, har da kifi da dorina. In muka yi dariya sai ta kai mu gindin duwatsun gabas, ta tona da ƙafa, ga bawon katantanwa, ga ƙayar kifi ta koma dutse. Ta ce kakanninmu gishiri ne ya kawo su. Sun zo da jakuna su ɗebi na shekara ɗaya su koma, suka tarar ayarin Buzaye yana tsayawa nan shan ruwa, suka kafa bukka, bukka ta zama gari. Ayarin kudu yana kawo gero da tufafi, na arewa dabino da cuku, kowa ya koma da gishirinmu. Kafin ka ga ayari za ka ji shi. Da farko wani gurnani ne can nesa kamar hadari yana haɗuwa, sannan ƙarar akumarin raƙuma da igiya, sannan karnukan gari su ɗauka. A aji nakan ji tun malami bai ji ba, amma ba na faɗa. Cima ce za ta ga na karkata kunne, ta miƙe ta ce, "Ayari!" aji ya watse.

Aikin gishiri na mata ne. Tun asuba za ka ji ana kankare ƙasar bakin fako da sakaina, ƙar, ƙar, ƙar, kowace mace da irin bugun hannunta, har nakan gane ta Kaka daga kan tabarma. A zuba ƙasar a kwando, a tsiyaye ta da ruwa, a juye ruwan a ƙananan ramuka da aka daɓe, a bar wa rana sauran. Mu yara aikinmu shi ne mu bi ramukan kafin lakwal da bayan an tashi, muna yayyafa ruwa don ɓawon da ya taru a sama ya nutse, wani ya sake fitowa. Ƙafafunmu duk faso, in ruwan ya shiga kamar an zuba barkono. Kaka ta zaunar da mu ta shafa mana man shanu tana faɗa, wai mu daina raki, nata ƙafafun sun tsage tun uwayenmu ba su zo duniya ba. Jikokina yanzu in na ba su wannan labari sai su tambaye ni don me ba mu sa takalmin roba ba. Su gishiri a wurinsu abu ne da ake aike a sayo a leda. Ba su taɓa ganin yana fitowa ba, ba su san yana da safiya da yamma ba, cewa da asuba shuɗi-shuɗi yake, da la'asar kuma ya yi ruwan goro.

Sukuwar raƙuma daga ayarin nan ta samo asali. Kaka ta ce samarin ayari biyu ne suka yi gardama kan wanda zai fara shayar da raƙumansa, dattawa suka ce maimakon a zare takobi, a je dutse a dawo, wanda ya riga shi ke da rijiya. Gardamar ta wuce, sukuwar ta zauna. Kowace shekara in fako ya bushe, ayari sun taru, sai a yi ta. Amma fako yana da mugun hali. Samansa ne ke bushewa. A wasu wurare ƙarƙashinsa baƙar laka ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma wuraren nan ba sa zama inda ka san su, kowace damina sauyawa suke. Raƙumi in ya taka a guje ɓawon ya burma, ƙafarsa ta karye, sai wuƙa. Shi ya sa kafin sukuwa ake tura 'yar tuta. Yarinya ce wadda ba ta zama budurwa ba, marar nauyi, ba takalmi. Za ta fita da sassafe da damin karan gero da aka fiƙe, tana tafe tana jin ɓawon da ƙafarta, tana soke kara inda ya yi ƙarfi, har ta kai dutse. Ta hau kansa ta ɗaga jan ƙyalle. Mahaya za su bi karan nan. Wanda ya fara isa zai raɓi dutsen, wanda tsawonsa ya yi daidai da tozon raƙumi, ya fizge ta ya aza a bayansa, su dawo gari a guje ƙyallen yana tashi. Ita kaɗai ce mace a duk shekara da take ratsa fako a kan raƙumin sukuwa.

Abin da ke akwai, ba a zaɓen 'yar tuta. Tunda aiki ne da yarinya za ta iya nutsewa a laka ba kowa kusa, ba wanda ke da ikon aiken 'yar wani, uwa ma ba ta nuna tata. Uwar gishiri ce za ta tara 'yan mata a bakin ramuka ta yi tambaya. Wadda ta ce "ni" da bakinta, kowa ya ji, ita ce.

Ni na san fako. Hanyar lakwal ɗinmu ta bakinsa ta bi, yara suna gaba suna surutu, ni ina baya ina kallon ƙasa. Na san ɓawo mai ƙarfi tsagewa yake gida-gida kamar saƙar zuma, bakin kowane gida a ɗan tashe, in ka taka ya ce ƙaras. Wanda ke da laka a ƙarƙashi sumul yake, ya fi kyau a ido, farinsa da ɗan toka-toka. In ka taka shi ba ya cewa komai, sai wani sanyi da za ka ji ya taso ta tafin ƙafa. Na san inda kowace korama take shiga, da yadda take lanƙwasa a ƙarƙashin farin. Ranar da ba lakwal nakan saci jiki in shiga har sai gari ya koma ƙarami a bayana. A can babu ƙarar komai sai bugun jini a kunnenka. Kaka ta sani, don takan ga farin a ƙaurina, ba ta kuma taɓa yi mini faɗa ba. Shekara da shekaru ina kallon 'yan tuta suna dawowa, kitso a warware, baki a buɗe, ina cewa a raina in na isa ni ce. Ba guɗar da ake musu nake so ba, ita ma tsoro take ba ni. So nake in ga yadda gidajen zuman nan da na sani ɗaya-ɗaya suke zama in ana gudu a kansu, in ga gari yana tahowa.

Shekarar da na isa ruwa ya yi yawa, fako ya yi farin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Kaka ta tara mu da la'asar. Mata sun kewaye mu, hannuwansu fari da gishiri har gwiwa. Ta ce, "To 'yan mata, gobe sukuwa. Wace ce za ta kai tuta?" Tana faɗa tana kallona. Ba ta ɓoye ba, ni take kallo, har matan suka bi idonta. Kalmar tana nan a maƙoshina, 'yar guntuwar kalma da ko jariri yana iya faɗa. Na ji idanun nan duka a kaina, na sunkuyar da kai. Na ga wata tururuwa tana jan ƙwayar gishiri da ta fi ta girma, na tsaya kallonta. Kaka ta kwance zaninta ta sake ɗaurawa, ta yi tari, ta tofar da goro, duk don ta ba ni lokaci. Na buɗe baki.

"Ni!"

Daga bayana ta fito. Cima ce, ko daɗewa da zuwa wurin ba ta yi ba, bakinta cike da dabino. Mata suka rangaɗa guɗa. Kaka ta ce, "An ji." Da muna komawa gida ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta ce, "Ni dai ba zan iya sa hannu a bakin mutum in ciro masa magana ba."

Kafin magariba Cima ta same ni a bayan rumbu.

"Bebiya, wai ta ina ake bi?"

"Ke da kika ce ni?"

"To ai na ga kowa ya yi shiru, shirun ya dame ni. Ki gaya mini mana. Kin san ni ban iya komai ba sai gudu da surutu."

Na share ƙasa na zana mata koramun, na ce ta bar ta tsakiya a hannun hagu har sai dutse ya daina reto. Na kai ta bakin fako na sa ta taka mai ƙara da marar ƙara, ta taka ta sake takawa, har ƙafarta ta gane. Da muka gama ta dafa kaina ta ce, "Allah ya bar mini ke, baiwata," irin tsokanar da ke tsakanin taubasai. Na ce, "Allah ya sa raƙumin ya tofa miki a ido." Ta yi ta dariya, a zatonta wasa nake.

Da safe na hau kan tarin ƙasar da aka gama tsiyayewa, inda ake ganin komai. Na ga ta tafi tana ƙanƙancewa, duk karan da ta soke na san wurin. Wuri ɗaya ta so ta karkata hagu, sai na ga ta ja baya ta gyara. Can sai jan ɗigo ya bayyana a kan dutse. Aka buga ganga, raƙuma suka tashi. Gudun raƙumi a kan gishiri ba irin na doki ba ne, tafinsa laushi gare shi, abin da za ka ji kamar ana yaga sabon yadi, doguwar yaga da ba ta ƙarewa. Suka shiga kawalwalniya, ƙafafunsu suka ɓace, suka koma iyo a sama. Da suka juyo, wani farin raƙumi ne a gaba, jan ƙyalle yana tashi a bayansa. Aka sauke Cima a tsakiyar guɗa, gishiri ya yi mata fari a gira, mata suna shafa kanta, aka cika mata zani da dabino. Ta hango ni ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata. Dabinon da ta kawo mini da yamma akuyar Kaka ce ta cinye shi.

Na ce baɗi. Baɗi ruwa bai zo ba, koramu ba su gudana ba, fako ya zauna ja, ba ɓawo ba sukuwa. Haka shekarar da ta biyo. Lokacin da ya sake yin fari na riga na zama budurwa, ina makarantar kwana a birni. Na zama malamar makaranta, na yi aure, na haifa, na aurar. Ba abin da zan ce Allah bai yi mini ba. Amma duk labarin Cima da ya iso ni, ta fara kai kaya Agadas, ta koma Kano, tana Kwatano, tana Dubai, yanzu tana ƙasar Sin, sai in ji kamar farin raƙumin nan ne bai tsaya ba har yau, ni kuma ina kan tarin ƙasa ina ɗaga hannu. Na yi istigifari a kan wannan ba iyaka, kuma ina sonta, duk dangi ba wanda ya kai ta alheri. Abin dai bai tafi ba. A aji in na yi tambaya, ba na kiran mai saurin ɗaga hannu sai na gama duba na baya, masu kallon ƙasa.

Fakon ma bai jira kowa ba. Wata shekara Turawa suka ratsa shi da motocin tsere, suka bar sawun da ya ci damina da yawa bai goge ba. Aka yi titi ta gindin duwatsu, ya tare koramu biyu. Gishirin leda ya shigo kasuwa, ayari ya daina tsayawa, matan ramuka suka tafi ɗaya bayan ɗaya, Kaka a cikinsu. Na san duk wannan da kunne, don na daɗe ban koma ba. A nan Guangzhou na gan shi da ido. Wani ɗan Maraɗi mai sarin tayoyi ya shigo shago, da ya ji daga inda muke sai ya ce, "Inna, ai garinku ya yi suna," ya miƙo mini waya. Samari ne ke tseren babura a wani jan fili, farin sai tsilli-tsilli kamar furfurar da ta fara fitowa. Sai da na ga baƙin dutse na yarda, an shafa masa fenti. Babu kara, babu tuta, lakar ma ta bushe balle a ji tsoronta. Cima ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da hanci.

"Kai, wannan jan babur ɗin ai daga hannuna ya fita! Lawban, zo ka ga kayanka a garinmu!"

Lawban shi ne maigida a bakin mutanen nan. Basinen da ya kawo mata samfurin kaya ya leƙa, ya ɗaga mata babban yatsa.

Da shago ya yi shiru, na yi tambayar da na riƙe tun muna yara.

"Rediyo, ranar nan, da kuka juyo daga dutse, yaya abin yake?"

"Wace rana kuma?"

"Ranar tuta."

"Oho! Ke har yanzu kina can?" Ta yi dariya har da buga cinya. "Wallahi ban ga komai ba. Yana fizgata na runtse ido, na cusa fuska a bayansa, ban buɗe ba sai da na ji guɗa. Abin da na tuna kawai warin rigarsa, kamar an jiƙa tunkiya. Sai kuma ciwon ƙugu, da ƙyar nake zama."

"Ba ki ga gari yana tahowa ba? Ba ki ga yadda farin yake wucewa ta ƙasa ba?"

"Meyo," ta ce, yadda masu shagunan nan suke cewa babu. "Da ke ce, Bebiya, da har tururuwar hanya kin gaisa da ita."

Na ɗauka in na ji haka zan huce. Ban huce ba. Da ta ga abin ta riƙe, da na ce to, yana wurin wani a dangi, ko yanzu ta iya ɗebo mini kaɗan. Ashe an ba ta ne ta rufe ido har aka gama. Fakon ya tafi, raƙuman sun tafi, sauran 'yan tutan ban san inda suke ba, wadda ke kusa da ni kuma warin riga ta adana. Ko a jikinta. Ta ci gaba da ƙulla kwali tana 'yar waƙa.

Likitan ido ya yi bayaninsa ta bakin Zulai, jikar Cima da ke karatu a nan. Ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, magani zai rage wa sauran sauri. Ya zagaye idonsa da yatsu, ya riƙa tsuke su a hankali, don in ga yadda ganin zai riƙa yi. Ba sai Zulai ta fassara wannan ba. Na ce masa shiye-shiye, yadda ta koya mini godiya, na karɓi maganin ɗigawa.

Washegari muna karin kumallo, Cima ta ce jibi za ta je garin Yiwu ganin wata masana'anta, a jirgin ƙasan nan mai gudu. Zulai ta sha ba ni labarinsa. Wai gonaki da koguna da garuruwa sai su koma zare-zare a taga, amma shayin da ke gabanka ko motsi ba ya yi. Cima ta ce ita ba ta san wannan ba, da ta zauna barci take sai an tashe ta.

"Ina son mai riƙe mini jaka," ta ce. "Wa zai raka ni?"

Ba ni take kallo ba, tana shafa wa burodi mai. Kalmar ta taso ta tsaya inda ta saba tsayawa. Akwai wata ƙwayar sukari a gefen faranti, idona ya tafi kanta.

"Ni!" in ji Zulai. Jikar Rediyo ce, ba ta ɓata lokaci ba.

"Shi ke nan. Bebiya ta zauna ta hutar da idonta, sai a bar mata miya a firji."

Zulai ta ɗauki jaka ta tafi makaranta. Cima ta shiga ɗaki tana shiri, tana faɗa da wani a waya kan kayan da ba a kai Baiyun ba. Na zauna har shayina ya huce. Tikitin komawata yana nan a jaka, daga nan kuma sai gida, sai ɗigon magani safe da yamma. Babu Kaka a nan da za ta kwance zani ta ɗaura, ta yi tari, ta tofar da goro don ni. Na tashi na tsaya a bakin ƙofar, na jira ta ajiye wayar.

"Cima," na ce.

Ta juyo da sauri, don rabon da in kira ta da sunanta tun Kaka tana da rai.

"Lafiya?"

"Jirgin nan. Ki tafi da ni. Zulai ta riƙe miki jakarki, ni ba abin da zan riƙe. Ki sa a ba ni kujerar gefen taga, ke kuma ki yi barcinki."